Durƙuson da aka ɗauka suma ce a Kampung Baru

Wata goma sha huɗu ke nan da muka sauka a Kuala Lumpur ni da yara biyu, muka iske maigida wanda ya riga mu zuwa Maleshiya da shekara guda domin karatun digirin digirgir, kuma a cikin dukkan abubuwan da idona ya gani a wannan ƙasa babu wanda ya tsaya mini a rai kamar fuskar 'yata ranar da na daka mata tsawa a gaban baƙi saboda ta yi abin da ni da kaina na koya mata. 'Yar fari ce, saboda haka ba zan kama sunanta ba, ko da yake a nan babu mai lura da wannan alkunya sai ni kaɗai.

Muna zaune a unguwar Taman Melati, kusa da Gombak, a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene. Wadda ta tashi a gidan gandu a Katsina, inda ba a rufe ƙofar zaure sai bayan isha'i, kuma ba a raba tsakar gida da mai aron turmi ko mai neman garwashi, ita ce za ta gane abin da nake nufi idan na ce na yi wata uku ban ji an yi sallama a ƙofata ba. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, ba su da hayaniya, idan muka haɗu a lif sukan yi murmushi su ce "Dah makan?", wato kin ci abinci? Da farko tambayar ta riƙa sosa mini rai, ina cewa a zuci ko an ga alamar yunwa a jikinmu ne, sai daga baya na fahimci cewa gaisuwa ce kawai, kamar yadda mu ma muke tambayar gajiya ba tare da mun yi niyyar yi wa kowa tausa ba. Ga kuma wani abu da maigida ya gaya mini tun daren farko, cewa sai da ya sha yawo kafin ya sami mai gidan da ya yarda ya ba wa ɗan Afirka haya, don haka mu kiyaye, kada a ji kanmu, kada a ga laifinmu. Na riƙe wannan magana fiye da yadda ya yi nufi, har na mayar da kaina da yarana tamkar masu tafiya a kan ƙwai.

Da ya ga zaman ɗaki na neman taɓa ni, sai ya ware mana ranar Asabar ta zama ranar fita. Jirgin ƙasan da ke bi ta unguwarmu ba shi da direba, shi ya sa autanmu mai shekara huɗu yake rugawa gaban tarago ya manna goshi a gilashi yana cewa shi ne ke tuƙi. Ta haka muka san kasuwar Chow Kit, inda nake sayen kuɓewa ɗanya da attaruhu da naman sa, muka san Brickfields, unguwar Indiyawa, inda na ci karo da gero a wani kanti na tsaya ina shafa shi kamar na ga ɗan'uwa. Mun je Masjid Jamek, tsohon masallacin da aka buɗe a 1909 daidai mahaɗar kogin Gombak da kogin Klang, wurin da sunan birnin ya samo asali. Mun je Batu Caves, wani babban kogon dutse a bayan gari, muka hau matakala 272 ina haki ina istigfari, wani biri ya fizge lemon autan daga hannunsa, ya yi kukan da har yau 'yar'uwarsa take tsokanarsa da shi. Ina alfahari da wannan yawo, ba zan ɓoye ba, domin macen da a da ba ta zuwa Babbar Kasuwa sai da rakiya yau ita ce ke riƙe katin jirgi tana karanta taswira tana nuna wa miji inda za a sauka.

Ranar da nake magana a kanta wata Asabar ce a tsakiyar Shawwal. Malayawa ba sa gama ƙaramar Salla a kwana uku kamar mu, kusan watan gaba ɗaya suke yi suna abin da suke kira rumah terbuka, wato mutum ya buɗe gidansa ya girka abinci, duk wanda ya zo a ba shi faranti. Mun fara da lambun da ke gindin tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, inda akwai wani ɗan tafki marar zurfi da yara ke wasa a ciki kyauta, suka yi ta facal-facal har la'asar. Daga nan maigida ya ce mu taka mu haye gadar Saloma, gadar 'yan ƙafa da aka buɗe a 2020, wadda aka zana rufinta da siffar jerin ganyen da Malayawa ke kaiwa gidan amarya, kusan matsayin goro a wurinmu. Da ka sauka daga wannan gada sai ka ga kamar an ɗauke ka an ajiye a wata duniya. Kampung Baru ke nan, filin da Turawan Ingila suka keɓe wa Malayawa domin noma tun wajejen 1900, kuma har yanzu akwai gidajen katako da aka ɗora a kan dirkoki, da ayaba da kwakwa a bayan gida, da kaji suna kiwo, ga benayen gilashi sun kewaye su ta ko'ina suna leƙo su. Na ji unguwar ta kwanta mini nan take, domin ita ce wuri na farko a birnin da na ga tsofaffi zaune a ƙofar gida suna kallon masu wucewa.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, irin na yammacin ƙasar nan da ba ya ba da sanarwa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a gefen wata rumfar tamfol da aka kafa a gaban wani gidan katako, ashe gidan buɗaɗɗen liyafar Salla ake yi. Wata dattijuwa da za ta yi sa'ar Hajiya, surukata, ta hango mu daga kan kujera ta shiga yafito mu tana cewa "Masuk, masuk, makan," wato ku shigo, ku shigo, ku ci abinci. Ni kuwa Bakatsiniya, 'yar ɗakin kara, da aka ce kunya gare mu ba dai tsoro ba, na ce alhamdu lillahi mun ƙoshi, alhali rabonmu da abinci tun hantsi. Sai da ta aiko jikarta da lema ta janyo mu sannan muka cire takalma muka shiga.

Tun tana shekara uku nake koya wa 'yata cewa ba a gaida babba a tsaye. Kafin mu taso Hajiya ta ja kunnena a kan wannan, ta ce duk inda za mu je kada in dawo mata da jikoki masu miƙa wa manya hannu kamar 'yan sanda. Yarinyar, mai shekara bakwai, da ta ga tsohuwa mai furfura, ba ta jira na ce komai ba, ta zube a gabanta gwiwa biyu a ƙasa, ta sunkuyar da kai ta ce ina wuni. Abin da ya biyo baya bai fi ƙiftawar ido ba. Dattijuwar ta zabura ta saki ƙara, wata mata ta ajiye faranti ta rugo ta tallafo kan yarinyar, wata ta fito da kwalbar man shaƙa tana goga mata a hanci, wani ya miƙo ruwa, ana ta faɗin "kesian, kesian", wato abin tausayi. Sun ɗauka jiri ne ya kwashe ta, ko yunwa, ko sanyin ruwan da ya taɓa ta. Mutanen rumfar duka, da za su kai talatin, suka juyo suna kallonmu.

A nan ne na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige, abin da kawai ke yawo a kaina shi ne an ga baƙaƙen fata sun shigo gidan mutane da yarinya mai faɗuwa don yunwa. Na fizgo ta da hannu ɗaya na ce, "Ke tashi mana! Wa ya ce ki yi wannan a nan?" Da Hausa na faɗa, babu wanda ya ji ma'anar sai mu huɗu, amma kowa ya ji muryar. Ta miƙe ta yi tsuru-tsuru tana dubana, idanunta suka ciko, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Maigida ne ya gyara lamarin da guntun Malayancinsa haɗe da Turanci, ya bayyana musu cewa a garinmu haka yaro ke gaida babba. Dattijuwar ta dafe ƙirji ta yi dariya har da hawaye, ta jawo yarinyar ta rungume, sannan ta kira jikarta ta nuna mana tasu gaisuwar, inda yaro ke kama hannun babba da hannu biyu ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kai. Ta ba yarana goron Salla a cikin koren ambulan, aka cika mana faranti da lemang, shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, da wani nama da aka sassaƙa siriri aka soya da kayan yaji wanda suke kira serunding. Da na kai shi baki sai na ji dambun nama ne sak, irin wanda Inna ke yi mana da naman layya ta ɓoye a gwangwanin madara, sai dai nasu ya fi zaƙi. Na kasa haɗiyewa. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka yaji ne ya yi mini yawa ta miƙo mini ruwa, na karɓa na bar ta a haka.

A cikin jirgi muna komawa maigida ya ce, "Ki daina damun kanki, ai baƙo ko da ido makaho ne, kuma in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura." Na ce, "Malam, ba jelar ce ta dame ni ba, wadda muka zo da ita ce na tsinke da hannuna." Bai amsa ba, yarinyar kuma ta yi kamar tana barci a kafaɗarsa. Da dare na je na zauna a bakin katifarta na ba ta haƙuri, abin da ban taɓa ganin uwa ta yi wa ɗiya ba a gidanmu, na ce mata daidai ta yi, ni ce na yi kuskure. Ta ce, "To, Umma," ta juya ta fuskanci bango.

Tun daga ranar ba ta ƙara durƙusa wa kowa ba. Gaisuwar Malayawa ta ɗauka, kuma ta iya ta ƙwarai, har tsohuwar da ke hawa na tara a benenmu, wadda yara ke kira Makcik, takan tsayar da ita a lif domin kawai a kama mata hannu. Da safe kafin ta tafi makaranta takan kama nawa hannun ta ɗora goshi, kuma ba zan ce babu daɗi ba, gaisuwa ce mai ladabi, ta Musulmi 'yan'uwanmu. Sai dai duk ranar da na ce ta gaida babanta yadda ake yi a gida, takan ce gwiwarta na ciwo.

Agogon nan yana gaban na gida da awa bakwai, saboda haka da ƙarfe biyu na rana nake kiran Hajiya, lokacin ta idar da lazimi tana jiran a dama koko. A da idan aka miƙa wa yarinyar waya takan durƙusa a kan tayil ko da ta bidiyo ce, Hajiya ta yi ta sa mata albarka tana kiranta kishiya, tana cewa ta zo ta ƙwace mata miji. Makonni biyu da suka wuce ta karɓi wayar a tsaye, Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Kishiyar tawa an zama manya, yau daga sama ake gaishe ni." Cikin wasa ta faɗa, aka yi dariya, amma na san Hajiya, ba ta yin wasan da babu saƙo a ciki. Ban gaya mata abin da ya faru ba, kuma ban gaya wa Inna ba, wadda ita ma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa ko da gidan suna tun bayan damina. An ɗaura auren ƙanwata a watan jiya, na kalli kamu da ɗaurin aure da kai amarya a waya ina zaune a kicin da ƙarfe uku na dare, ina rage sauti kada in tashi maƙwabta, ina ganin 'ya'yan yayyena suna zubewa ɗaya bayan ɗaya a gaban gwaggonninmu ba tare da kowa ya ce musu su yi ba.

Saura wa maigida shekara biyu idan Allah ya sa mai duba aikinsa bai ƙara masa wani babi ba. Hajiya ta aiko mana da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu, a cikin ƙullin har da ɗan kwalin atamfa da ta ce na kishiyarta ne, ta ɗaura ranar Juma'a a ɗauko mata hoto. Asabar mai zuwa tafkin Titiwangsa za mu je, autan yana son ganin kwale-kwale, amma yarinyar ta tambayi babanta ko za mu iya biyawa ta Kampung Baru a dawowa, wai tana so ta nuna wa tsohuwar nan cewa yanzu ta iya gaisuwa.