Bayan beli: wurin kwana, magani da ranar kotu

Aikin sa-kai nake yi a Kano, ina tarbar waɗanda kotu ta ba da belinsu bayan sun daɗe a tsare suna jiran shari'a. Fito da su aikin lauyoyi ne. Nawa yana farawa daga ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, inda mutum zai fito da 'yar ledar kayansa, ba shi da ko kuɗin mota.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, amma mutanen unguwa ba sa jiran alƙali. A 2019 doka ta mayar da sunan gidan yari gidan gyaran hali, sai dai koyar da sana'ar da ake yi a ciki galibi na waɗanda aka yanke wa hukunci ne. Mai jiran shari'a yakan fito hannu rabbana, ga kuma shari'a tana nan a wuyansa.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, duk taimakon da za a yi masa sai an auna shi da ranar komawa kotu. In ya saɓa ranar, alƙali zai iya soke belin ya sa a kamo shi, wanda ya tsaya masa kuma ya shiga uku.

Shi ya sa nake farawa da wurin kwana. Sau da yawa mai gidan haya ya riga ya zuba wani a ɗakin. Wanda yake kwana yau a tasha, gobe a rumfar kasuwa, lauyansa ma ba zai same shi ba. Don haka nakan nemi mai unguwa ko liman ya raka ni wajen dangi. Akwai wani dattijo da ya rantse ɗan ƙanensa ba zai sake taka masa gida ba. Muna zaune a soro, liman ya ce, "Alhaji, ba mun zo wanke shi ba ne, wannan na alƙali ne. Shagon ƙofar gida muke roƙo, zuwa a gama shari'a." Dattijon ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kawo tabarma. Na lura mutane sun fi karɓar roƙon da aka sa wa iyaka a kan a ce su yafe komai a zama ɗaya.

Sai lafiya. Ƙazwa kusan kowa da ita yake fitowa, kuma ba ta da wuyar magani. Tari ne abin tsoro, saboda cunkoson ɗakunan gidan yari. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu nakan kai shi Asibitin Zana, na cututtuka masu yaɗuwa, a gwada majinarsa. Maganin tarin tibi kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma yanke shi a tsakiya yana iya sa cutar ta daina jin magani. Wanda ya fara sha tun a ciki, lallai ya fito da katinsa. Akwai kuma ciwon da ba ya nuna a jiki: mutum ba ya barci, ana buga ƙofa ya zabura. Irin wannan in aka ƙyale shi, ƙwaya yake komawa. Idan abin ya yi tsanani sai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, amma da yardarsa da ta danginsa.

Wajen sana'a ba na ɓoye wa maigida komai. Nakan gaya masa tuhumar da ake yi wa yaron, da cewa akwai ranakun da zai wuni a kotu, wataƙila ma a ɗage zaman ba a kira shi ba. Wasu suna jin haka su ce Allah ya ba da sa'a a gaba. Wanda ya karɓa da saninsa kuwa ba ya korar yaro don ya ji labari a bakin wani. Aikin da ake biya kullum ya fi dacewa, kamar dako a kasuwar Singa, leburanci ko wankin mota. Adaidaita sahu tana da ciniki, amma mai ita yana jiran balas ɗinsa ko ranar kotu ce, sai bashi ya taru.

Na mata ya fi ci mini rai. Wata kafin ta fito an aika wa iyayenta takardar saki, 'ya'yan kuma suna hannun dangin miji. Da wuya wani ya ɗauke ta aiki, don haka ɗan jari muke haɗa mata na awara ko ɗanwake a gidan wata 'yar'uwarta. Tun ranar farko nakan roƙi uwar ɗakin ta riƙa ware wani abu daga ciniki a asusu, kuɗin motar kotu ne, ba a taɓa shi ko da cefane ya gaza.