Abin da na koya a ajin Turanci kafin in ajiye alli

Yanzu da na bar koyar da Turanci a makarantar share fagen jarrabawar WAEC da NECO, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saɓanin da ya shiga tsakanina da shugaban sashenmu a kan karin maganar nan ta "at the eleventh hour", wadda Turawa ke faɗa idan an yi abu a ƙurarren lokaci.

Tsarinsa shi ne a cika allo da karin magana yara su haddace, kuma ya daɗe yana gaya musu cewa ƙarfe 11 na dare ake nufi. Ni kuwa na nuna musu cewa daga Linjilar Matiyu ta samo asali, sura ta 20, inda mai gonar inabi ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da sassafe, ya yi ta ƙara wasu har zuwa sa'a ta goma sha ɗaya, sannan ya biya kowa dinari guda. Mutanen wancan zamani daga fitowar rana suke fara ƙidayar sa'o'i, saboda haka lokacin yana kamawa wajen ƙarfe 5 na yamma, wato la'asar sakaliya, sa'ad da manomi ke shirin saɓa fartanya ya nufi gida. Yaran da suka tashi a karkara nan take suka gane, domin sun san ba a ɗaukar ɗan ƙwadago a irin wannan lokaci.

Da labari ya kai masa, sai ya shigo ana tsakiyar darasi, ya ce ina cinye lokacin yara da tatsuniya. Ban tanka masa a gabansu ba. Bayan an tashi na same shi a ofis da ƙamus a hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, a duba nan." Bai ko kalli shafin ba, ya ce, "Malam, jarrabawa ba ta tambayar tarihi." A wannan kam yana da gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta kai a karɓe mini ajin ƙarshe a zangon da ya biyo baya ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Karin magana a cikin jimla take zama a kan yaro, kuma bayani da Hausa ba ya rage wa kowa Turanci. Wanda zai gaje ni kuma ya sani cewa tagar ajin nan tana kallon ofishin shugaban sashe, don haka ya riƙa sassauta murya idan zai yi bayanin da babu shi a takardar hadda.