Bayan Hatsarin Mota: Nauyin da ke Kan Direba da Haƙƙin Wanda Aka Buge

Mota ta buge mai babur a bakin kasuwa. Kafin ƙiftawa da bismilla jama'a sun yi cincirindo. Wasu na jan wanda ya faɗi ta hannu da ƙafa, wani ya fasa ruwan leda yana ɗura masa, matasa sun cakumi wuyan rigar direba, wani dattijo kuma yana ta cewa a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma a cikin minti goman nan ake ɓata abubuwa biyu masu wuyar gyaruwa: lafiyar wanda ya ji rauni, da hujjar da za ta sa a biya shi haƙƙinsa.

Abu na farko da ke kan direba shi ne ya tsaya. Ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilun gargaɗi, ya kafa alamar nan mai kusurwa uku kimanin mita 45 a bayan motar, a babban titi ko kan kwana kuma ya ƙara nisa. Ganyen da ake zubawa a kwalta ya fi babu, sai dai da dare mai gudu ba ya ganinsa sai ya hau kai. Sau da yawa mota ta biyu da ta afka wa taron 'yan ceto ta fi ta farko ɓarna. Idan akwai warin fetur, kada kowa ya ƙyasta ashana ko ya kunna sigari. Idan kuwa tankar mai ce ta faɗi, a kori mutane nesa, ko da da faɗa ne. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu a wajen tankar da ta kife, galibinsu waɗanda suka matso kwasar mai.

Direbobi da yawa na gudu ne don tsoron duka da ƙona mota, kuma tsoron yana da dalili. Wanda ya ga ransa na cikin haɗari ya wuce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya faɗi inda abin ya faru, ya nemi a je a ceci wanda ya buge. Wanda ya yi haka ya kai rahoto ne. Wanda ya kai mota gareji ya rufe ta da tamfol kuwa ya ɗora wa kansa laifi na biyu, kuma duk uzurin da zai kawo daga baya ba mai saurara. A jadawalin laifuka na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ƙin kai rahoton hatsari kaɗai yana da tarar naira 20,000. Lambar gaggawa ta hukumar ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Mai kira ya faɗi sunan titi, gari ko alama mafi kusa, da yawan waɗanda suka jikkata.

Wajen taimakon wanda ya ji rauni ne aka fi yin kuskure. Duk wanda mota ta buge ko ta wuntsila da shi, a ɗauka wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Ƙashin baya na iya tsagewa laka ba ta tsinke ba, sai a wajen cicciɓa, mutum biyu sun kama hannu biyu sun kama ƙafa kai na reto, lakar ta yanke. Da haka mutumin da zai iya warkewa ke ƙare rayuwarsa a kwance. In babu wuta ko wata motar da ke barazana, a bar shi inda yake, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya tallafe shi da hannu biyu. In dole sai an ɗauke shi, a nemi katako ko ƙyaure, mutum uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya, kai da ƙirji da ƙugu a layi guda. Kada a fizge wa mai babur hular kwano, sai in tana hana shi numfashi.

Jinin da ke zuba a danne shi da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ba a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki a ciwo. Ba a ba shi ruwa ko madara, ko da yana roƙo, domin wanda hankalinsa ya gushe zai iya shaƙa ya sarƙe, wanda za a yi wa tiyata kuma ana son cikinsa babu komai. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, ana riƙe da wuyansa, don kada amai ya toshe masa maƙogwaro.

Wanda ya fi ba da tsoro shi ne wanda ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau. Saifa kan fashe jini ya riƙa taruwa a ciki ba a gani. Wanda kansa ya bugu kan yi magana daidai na wasu sa'o'i, sannan amai da ciwon kai da barci mai nauyi su biyo baya. Don haka duk wanda aka buge a kai shi asibiti a ranar. Wannan ma kariya ce ga direban kansa, domin takardar likita ta ranar farko ita ke nuna girman raunin yadda yake.

Asibiti ba shi da ikon cewa sai an kawo ɗan sanda ko an ajiye kuɗi kafin a ceci ran mutum. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana kowa kulawar gaggawa, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wanda ya kai majinyaci ya san wannan, ya faɗa cikin ladabi, ya nemi ganin babban likita. Maganar karaya kuma, a yi hoton ƙashi kafin komai. Ɗorin gida yana da tarihi a wajenmu, amma kara ko tsinken da aka ɗaure tamau a kan gaɓar da ke kumbura yana tsayar da jini. In yatsu suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, ko ciwo ya ƙi lafawa, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Likitocin ƙashi, irin na asibitin Dala da ke Kano, sun sha yanke hannu ko ƙafar da karayarta ba ta kai a yanke ba.

Kafin a janye motoci, wani ya ɗauki hoto da waya: yadda motocin suka tsaya, lambobinsu, sawun birki a kwalta, fasassun gilasai, rami ko alamar titi. A karɓi lambar wayar shaidu biyu ko uku tun ba su watse ba. A ɗauki hoton lasin ɗaya direban da takardar inshorarsa. Jami'an sashen zirga-zirga na 'yan sanda za su zana taswirar wurin, jami'an VIO kuma su duba birki da taya da sitiyari. Kada ka sa hannu a taswirar da ba ka fahimta ba.

A caji ofis direba yana da haƙƙi, ko da shi ne da laifi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Beli kyauta ne. Ba a kama ƙane ko matar mutum a madadinsa. Wanda ba ya karatu ya nemi a karanta masa bayaninsa da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Amma kada a ɗauki tuhumar da wasa: haddasa mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara bakwai a ƙarƙashin dokar FRSC ta 2007. Za a duba gudu, wanda ƙa'idarsa kilomita 50 ne a sa'a a cikin gari, 100 kuma ga ƙananan motoci a tagwayen hanya. Za a duba lodi, da waya a hannu, da ƙwaya ko barasa.

Sai inshora, wadda yawancin masu mota ke ɗauka takarda ce kawai ta wuce shingen 'yan sanda. Inshorar dole, wato ta ɓangare na uku, an yi ta ne don wanda ka buge. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya kan dukiyar wani da ka lalata zuwa naira miliyan uku. A-daidaita-sahu naira 5,000 ne, babur 3,000. Ga rauni ko mutuwa, doka ba ta yanke iyaka ba. Ita wannan inshorar ba ta gyara motar mai ita, sai in ya yi mai cikakkiyar kariya. Wanda ke da shakku ta fuskar addini yana iya zuwa kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi.

Inda ake yin asara shi ne takardar jabu. Mutum ya ba ɗan kamasho kuɗi ya haɗo masa takardun mota, sai ranar hatsari ya gano babu kamfanin da ya san da shi. A duba tun yau: a danna *565*11# a waya a sa lambar mota, ko a shiga shafin askniid.org. Ko takardar gaskiya ce, kamfani zai iya tirjewa idan direban ba shi da lasin, ko aka miƙa wa yaron da bai kai shekara 18 ba makulli, ko aka yi kabu-kabu da motar da aka yi wa inshorar gida. A sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin farko, kada a kai mota wajen mai gyara kafin jami'insu ya gani, kada kuma a rubuta amincewa da laifi ko alƙawarin biya ba da saninsu ba. Za su nemi rahoton 'yan sanda, hotuna, ƙiyasin gyara, takardar likita da rasit. Kowane rasit na magani, hoto, jini ko kuɗin mota zuwa asibiti a adana shi a leda guda.

Wanda aka buge ya sani cewa ba direba kaɗai ake bi ba. Idan direban yana bakin aikin maigidansa ne, mai motar ko kamfanin ma yana da alhaki. Wannan na da muhimmanci a hatsarin tirela da motocin haya, inda direban ba shi da ko kuɗin allura. Abin da ake nema ya haɗa da kuɗin magani na yanzu da na gaba, kuɗin shigar da aka rasa lokacin jinya, gyaran abin hawa, da diyyar naƙasa.

Sulhu alheri ne, kuma mafi yawan irin waɗannan matsaloli da shi ake kashe su. Abin da ke damuna shi ne sulhun gaggawa, wanda ake ƙullawa a bakin titi ko a ƙofar ɗakin tiyata, a ba mutum naira dubu ashirin ya ce ya yafe, bayan wata biyu likita ya ce sai an sa ƙarfe a ƙafa. Imani da ƙaddara bai kore haƙƙi ba. A jira likita ya faɗi girman raunin da tsawon jinya. Sannan a zauna gaban mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta wanda zai biya, nawa, yaushe, da abin da za a yi in ciwon ya dawo, kowa ya sa hannu da shaidu, kowa ya riƙe kwafi.

Idan rai aka rasa, Musulunci ya ɗora wa kisan kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Asalin diyya raƙuma ɗari ne ko dinari dubu na zinare, gaɓoɓi ma suna da nasu kason, kamar rabin diyya ga ido ɗaya ko hannu ɗaya. Diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Baligi yana da ikon yafe kasonsa, kuma yana da lada. Amma baffa ko kawu ba shi da ikon miƙewa a zaman makoki ya ce mun yafe a madadin marayu da matar mamaci da ke takaba. Ana yin haka da yawa don kunya, a bar mace da 'ya'ya biyar babu mai ciyarwa. Direba mai tsoron Allah, ko an ce an yafe, ya bincika wa ya yafe, ya kuma tambayi malami game da kaffara. Yafewar dangi kuma ba ta rufe tuhumar hukuma kai tsaye, wannan yana hannun masu gabatar da ƙara da kotu.

Wanda sulhu ya ƙi masa kada ya zauna jira. Dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara, in ya wuce an rasa damar ko da gaskiya a hannu. Idan motar gwamnati ce ko ma'aikacinta a bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita wa'adin zuwa wata uku, don haka a ga lauya tun majinyaci yana gadon asibiti. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa, da rahoton 'yan sanda da takardar likita da rasit ɗinsa a hannu.