Kundayen pank da rok da suka zauna mini a kunne

Na daɗe ina jin kiɗan rok a warwatse, waƙa ɗaya daga nan ɗaya daga can, yadda galibinmu muke yi tun da waya ta kori kaset. Na san Green Day saboda American Idiot na 2004, na san Nirvana saboda Nevermind na 1991, amma duk sanin shanu ne. Abin da ya sauya mini kunne shi ne wata doka da na kafa wa kaina: in na ɗauki kundi, daga waƙar farko zan fara har ta ƙarshe ba tsallake, kuma ba zan yanke masa hukunci ba sai na maimaita shi. Da dare nake yi, bayan isha'i in gida ya yi tsit, da iyafis a kunne, baitocin kuma a buɗe a waya, don Turancin mutumin Bristol ko Dublin in yana ihu ba kowane kunne ke tsintarsa ba.

Kundin da ya fara kama ni da gaske shi ne Joy as an Act of Resistance, wanda IDLES na birnin Bristol a Ingila suka fitar a 2018. Su kansu ba sa son a ce musu 'yan pank, wato reshen rok mai gudu da ihu da bijirewa, amma kunnena a nan ya ajiye su. Waƙar farko, Colossus, a hankali take tafiya, nauyi na ƙaruwa, har sai ka ƙagu kafin ta fashe. Daga nan sai gudu. Akwai Danny Nedelko, wadda suka sa wa sunan abokinsu haifaffen Yukiren, suna kare baƙi 'yan ci-rani a lokacin da ƙuri'ar 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai ta raba kan mutanen Birtaniya. Kana cikin wannan zafin, a tsakiyar kundin daidai, sai komai ya lafa, June ta shigo. Mawaƙinsu Joe Talbot ya rubuta ta ne a kan 'yarsa da aka haifa ba rai a 2017. Waƙar da ke bin ta, Samaritans, tana magana a kan yadda ake tarbiyyar ɗa namiji da cewa kuka ba nasa ba ne, ya haɗiye komai har ya cinye shi. Wanda ya ji Samaritans ita kaɗai zai ce waƙar ra'ayi ce kawai. Wanda ya ji ta bayan June ya san uba ne mai makoki yake magana, kuma ya san abin da maganar ta ci masa. A nan na gane cewa jerin waƙoƙi a kundi ba haka kawai ake yin sa ba, akwai abin da ake faɗa da shi wanda babu shi a cikin kowace waƙa in an ware ta.

Fontaines D.C. na Dublin sun koya mini wani abu daban. A Dogrel na 2019, mawaƙinsu Grian Chatten bai yi ƙoƙarin gyara harshensa ya koma na Landan ko na Amurka ba. Yadda ake magana a titin garinsu haka yake rerawa, wani lokacin ma ba rerawa ba ce, magana ce a kan kiɗa. Sun rufe kundin da Dublin City Sky, wadda ta fi kusa da tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Ayalan fiye da rok. Amma ni Skinty Fia na 2022 na fi so, wanda suka yi bayan sun koma Landan da zama. Waƙar buɗewarsa ta samo asali ne daga labarin wata 'yar Ayalan da ta rasu a Coventry, iyalinta suka so rubuta kalmomin bankwana da harshensu a kan kabarinta, wata kotun coci ta ce sai an haɗa da fassarar Turanci. Sai da aka ɗaukaka ƙara kafin a soke hukuncin a 2021. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ake kallon harshensa da zargi zai ji wannan waƙar a ƙirjinsa, ko da bai taɓa taka Ayalan ba.

Glow On na Turnstile, 'yan Baltimore a Amurka, shi ne wanda nake sawa in jiki ya mutu. Ya fito a 2021, waƙoƙi 15 a cikin kimanin minti 35, babu ɓata lokaci. Gangunansa suna yi mini abin da kiɗan 'yan dambe ke yi wa mutum a bakin fage, ka ji ƙafarka ta ƙi zama wuri ɗaya. Da shi na koyi daina bin muryar mawaƙi kaɗai. In ka mai da kunnenka kan mai ganga da mai jitar bas, sai ka tarar abin da ka ɗauka hayaniya ce ashe aiki ne mai tsari, kowa ya san inda zai shiga da inda zai ja baya. Bin asalin wannan salon ne ya kai ni ga Bad Brains na Washington, baƙaƙen fata da suke cikin waɗanda suka kafa pank mai tsananin gudu, da kuma Death, 'yan'uwa uku baƙaƙe daga Detroit da suka naɗi waƙoƙinsu a tsakiyar shekarun 1970 amma kundin bai fito ba sai 2009. Mai cewa wannan kiɗan na Turawa ne zalla bai ji su ba.

Akwai waɗanda na ji daɗinsu ba tare da sun yi mini zurfi ba. Comfort to Me na Amyl and the Sniffers daga Melbourne, na 2021, yana da ƙarfi sosai, mawaƙiyarsu Amy Taylor kuma ba ta da tsoro. Kundin farko na Wet Leg da This Is Why na Paramore duk sun ci kyautar Grammy, ban kuma ga laifin hakan ba, sai dai ba su ne nake nema ba in dare ya yi.

Abu biyu ne nake kiyayewa. Da yawa daga waɗannan kundayen akwai ashar a ciki, don haka ba na sa su a lasifika inda yara ko manya suke. Sannan kunne amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin da ya kai ma'aunin desibel 80 bai kamata babba ya wuce awa 40 yana jin sa a mako ba, kuma da ƙarar ta ƙaru lokacin yake raguwa sosai. Kundi mai kyau ba ya buƙatar a ƙure masa murya.

Wanda ya fi duka a wurina kuwa daga maƙwabta ya fito. Mdou Moctar Buzu ne daga Nijar, bahago, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da aka saba ji a waƙoƙin fina-finan Hausa na wancan lokacin, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin wani kamfani a waje ya san da shi. A 2021 kamfanin Matador na New York, ɗaya daga manyan gidajen rok na bayan fage, ya fitar da Afrique Victime. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta wuce minti bakwai, tana farawa da tafiyar da kunnenmu ya sani, sai Souleymane Ibrahim ya riƙa ƙara wa gangar gudu kaɗan-kaɗan har jitar ta koma kamar kururuwa. Mai bas ɗinsu, Mikey Coltun, a cikin 'yan pank na Washington ya taso, shi ya sa ba na jin wata katanga tsakanin wannan kundin da waɗanda na ambata a sama.

Mdou Moctar da ƙungiyarsa suna rangadi a Amurka aka yi juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can na wani lokaci. Kundinsu Funeral for Justice da ya fito a 2024 an riga an naɗe shi kafin juyin mulkin, amma fushinsa a fili yake. Waƙar Oh France tana tuhumar Faransa, tsohuwar uwargijiyar Nijar, kai tsaye, Nijar ɗin da aka shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukanta ba su da lantarki. Imouhar kuma kira ne ga Buzaye da kada su bari harshen Tamashek ya suɓuce daga bakin 'ya'yansu. Ba na jin Tamashek, sai da na nemi ma'anar baitocin, amma tun kafin in same ta jitar ta riga ta gaya mini cewa mutumin nan ransa a ɓace yake, kuma yana da dalili.