Layi ɗaya a takardar Auta

Talata. Tun bayan asuba layin nan ke yi mini yawo a ka.

Auta ne ya turo hoton takardar ɗaukar aikinsa, ta gidan kula da tsofaffi a Ingila. Ya ja layi ƙarƙashin "may be required to work extended hours". Ya ce, "Yaya, kuɗin ƙarin lokaci ke nan ko?" Na ce masa ya dakata da murna tukuna.

A bakin Bature, extended hours tsawaita lokaci kawai yake nufi. Kantin da ya saba rufewa ƙarfe 5 ya koma 8, haka ake kiran abin. Long hours kuwa ƙorafin mai gajiya ne, ba ya ɗauke da ko kwabo. Kalmar da ke da lissafi ita ce overtime, wato awannin da suka haura abin da aka rubuta maka. Ita ma ba ko'ina take nufin ƙarin kuɗi ba. A Amurka, dokar 1938 ta ce abin da ya wuce awa 40 a mako, yawancin masu aikin awa ana biyansu ɗaya da rabi. Mai dala 20 a awa, in ya yi awa 46, dala 980 zai karɓa maimakon 920. A Ingila babu wannan tilas. Dokar 1998 ta kayyade awa 48 a mako, ana auna matsakaici a kan mako 17, amma akwai takardar opt-out da mutum ke sa hannu ya yafe wannan kariyar. Nan ake faɗawa. Sabon zuwa yakan sa hannu a tarin takardu ranar farko bai karanta ba.

Na ce, "Kafin ka sa hannu, su rubuta maka awa nawa ne a mako, nawa ne kuɗin awar da ta haura, kuma kuɗi ne ko time off in lieu, wato hutu a madadin kuɗi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, in na cika tambaya kar su fasa."

Abin ya tsaya mini a rai.

An ɗauke wuta tun la'asar. Hajiya ta aiko da dambu. Har yanzu Auta bai buɗe saƙona na ƙarshe ba.