Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Goyo A Baya, 'Yan Kallo A Gaba

A makon jiya na tsaya ne a inda na gama wankan jegon haihuwata ta uku, aka yi arba'in, 'yan barka suka ɗauke ƙafa, gida ya koma daga mu sai mu. Yau zan shiga watannin ƙarshe na shekarar 2004, waɗanda har yanzu nake ganin su ne mafiya nauyi a duk shekarun da na yi ina wasan kwaikwayo na daɓe. A lokacin muna zaune a gidan haya a Samaru ta Zariya, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya mu da wasu iyalai uku. 'Yar farina, wadda kunya ba ta barina in kama sunanta, kowa a gidan kuma Yaya yake ce mata, shekararta shida. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara uku, sai ɗan goyona da bai cika wata takwas ba.

Mutane sukan ɗauka cewa wahalar wannan sana'a tana wajen haddace magana ko tsayawa a gaban taro. Ni abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya lokaci ne. Kowa a ƙungiyarmu yana da abin da yake ci da kansa da safe: akwai malaman makaranta irina, akwai tela, akwai ɗalibai, akwai mai gyaran rediyo. Saboda haka ba a fara atisaye sai an sallaci la'asar, ana cewa za a tashi da magariba, amma sau da yawa sai an ji kiran isha'i sannan darakta zai ce a tsaya nan. Duk matar da ta yi raino ta san abin da ke cikin waɗannan awoyi. A cikinsu ake ɗora sanwa a tuƙa tuwo, a cikinsu yara ke dawowa daga Islamiyya da ƙura har gashin ido, a cikinsu ake yi musu wanka, a cikinsu kuma jinjiri yake tayar da rigimarsa ta yamma wadda ba mai kashe ta sai uwarsa. Lokacin da dandali yake nemana shi ne daidai lokacin da gidana yake nemana, babu kuma wanda zai jira wani.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa ban ajiye wasan ba har in yaye yaron, domin tambayar da 'yan'uwana suka yi ta yi mini ke nan. A Jami'ar Ahmadu Bello na koyi wannan aiki, a gidan wasan nan da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, wanda aka tsara shi kamar gidan Bahaushe, ɗakuna a zagaye da fili a tsakiya, ba labule tsakaninka da mai kallo. Abin da aka fi cusa mana a can shi ne cewa wasa ne yake zuwa wurin jama'a. Tun kafin zuwanmu ɗalibai da malamai suke fita Samaru da Bomo, har Soba da Maska, su zauna da manoma, su ji abin da ke damunsu, su dawo su tattauna, sannan su gina wasa ba tare da rubutaccen littafi ba, kowa ya san rawar da zai taka ya kawo maganar da ta dace da bakinsa. Idan aka kai wasan ƙauye, ba a ƙarasa shi. Ana zuwa inda rikici ya ƙulle sai a tsaya a juya ga 'yan kallo a ce, to ku da ku ne, yaya za ku yi? Daga nan tattaunawa take tashi, ita ce kuma ainihin aikin.

Bayan na gama karatu na shiga wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da ke irin wannan wasa na wayar da kai. Mu uku ne mata da farko. Ɗaya ta yi aure aka kai ta Kaduna, ɗaya kuma mahaifinta ya ce ya gaji da jin ana kiran 'yarsa 'yar dirama, ta daina zuwa. Sai na rage ni kaɗai, da 'yan mata ɗalibai da sukan zo su tafi. A ƙauyukanmu kuwa matan aure da yawa suna cikin kulle, ba sa fitowa ƙofar fada kallon wasa, namiji baligi kuma ba ya wuce zaure. Duk saƙon da ya shafi ciki da haihuwa da lafiyar yara, idan ba mace ce ta ɗauke shi ta shiga da shi tsakar gida ba, to a zaure zai kwana.

Shekarar kuma ba ta wasa ba ce. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa wa maganin rigakafin shan inna abin da ke hana haihuwa, har wasu jihohin Arewa suka dakatar da bayar da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, kafin nan kuwa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Gwamnati ta janye dakatarwa, amma tsoron bai fita daga zukatan iyaye ba, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, domin uwa ba ta wasa da abin da za a ɗiga a bakin ɗanta. A kan wannan aka ba ƙungiyarmu aikin zagaya wasu ƙauyuka bayan ƙaramar Sallah.

Haka na riƙa tashi daga makaranta da ƙarfe ɗaya da rabi, in dawo gida in yi miyar dare tun da rana, in tankaɗe gari in ajiye, in shirya manyan biyu, in saɓa ƙaramin a baya in ɗaure da majanyi, in tari ɗan acaɓa. A wurin atisaye nakan shimfiɗa masa 'yar tabarma a gefe kusa da makaɗinmu, wani dattijo mai kalangu wanda ya haifi 'ya'ya da yawa, shi ne yake jijjiga shi da ƙafa yana kiɗa da hannu. Amma akwai kukan da kalangu ba ya maganinsa. Wata rana muna tsakiyar fitowa ta biyu, an maimaita ta har sau huɗu ba ta zauna ba, yaron ya tsala kuka, na bar fili na je na juya baya na ba shi mama. Darakta ya jefar da takardar hannunsa ya ce, "Malama, wai yaron nan ba zai iya zama a gida ba ne?" Na ce, "Malam, abincinsa a jikina yake. In kana son in zo, to tare za mu zo." Bai sake magana ba ranar, amma na ga yadda wasu suka riƙa duban agogo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan duk mazan da ke wurin suna da ƙananan 'ya'ya a gida, babu kuma wanda aka taɓa tambaya wa ya bar wa su.

Ni kuwa akwai wadda na bar wa nawa, ba zan kuma rubuta tarihina in tsallake ta ba. Maƙwabciyata ce, matar wani direban babbar mota, mutuniyar Kafanchan, yarana suna ce mata Mama. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma ita ce take tare su a ƙofar gida in sun taso daga Islamiyya, ta tuƙa mini tuwon da na bar wa gari, ta tuna wa Yaya ta yi sallar magariba. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba, sai dai in na samu kuɗin wasa in sayo mata sabulu da turmin atamfa, shi ma sai mun yi ta ja-in-ja. Maigidana kuma in ya dawo aiki shi yake yi wa namijin wanka, ya sa su a gaba su ci abinci. Na san abin da ake faɗa masa a majalisa, har mijin-ta-ce an kira shi, amma bai taɓa kawo mini maganar gida ba, a bakin wasu na ji.

Ranar da nake son in ba da labarinta wata Asabar ce a ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara busawa, ana ta sussukar dawa. Ƙauyen yana gaba da Giwa, a saki titin Funtuwa a shiga hanyar burji. Maza suka yi nasu wasan a ƙofar gidan mai gari, ni da 'yan mata biyu da wata ma'aikaciyar lafiya mai ɗauke da akwatin sanyi muka shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gidan, wasu a tabarmi, wasu a kan turame, wasu a bakin ƙofofin ɗakuna da goyo. Na fito a matsayin uwargida da ta ji sallamar masu rigakafi ta ɗauki ɗanta ta ɓoye a bayan rumbu, amarya tana roƙonta, ita kuma tana rantsuwa cewa ba za a kashe mata zuri'a ba. Matan suka yi ta dariya, saboda sun gane kansu da maƙwabtansu a ciki. Da muka zo inda ake tsayawa, na juya na ce, "To iyayena da 'yan'uwana, wa ke da gaskiya tsakaninmu?"

Wuri ya yi tsit. Can sai wata tsohuwa, wadda daga baya na ji ita ce ungozomar garin, ta gyara zama ta ce, "Ke 'yar nan, wasa dai wasa ne. Wannan na bayanki, naki ne ko aro kika yi?" Na ce, "Nawa ne, Iya, ni na haife shi." Ta ce, "To shi kin ba shi?"

Wannan tambaya ba ta cikin abin da muka shirya. Na kwance majanyi na sauko da shi, na ciro katin rigakafinsa daga jakata na miƙa wa wata da ta iya karatu. Sannan na zauna a kan turmi na rungume shi, ma'aikaciyar ta buɗe akwati ta ɗiga masa ɗigo biyu a baki a gaban idon kowa. Ya yamutsa fuska, ya lashe leɓe, ya kama ɗankwalina yana ja. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sai wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba ta miƙe ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito da jaririyarta. Wasu suka bi bayanta, wasu suka ce sai sun ji ta bakin mazajensu, ba kuma wanda ya tilasta musu. Yaron da ake ganin shi ne yake ɓata mana atisaye, shi ya yi abin da makonni na atisaye ba su yi ba.

Na fito daga gidan zuciyata fes, ina lissafin za mu isa Samaru kafin magariba. Ba mu yi nisa ba motar ta mutu a cikin daji, ba gida gaba ba gida baya. Mutum ɗaya ne a cikinmu yake da wayar hannu, wurin kuma babu sabis. Sai da yaron mota ya taka har bakin titi ya samo makanike, muna zaune cikin duhu da sanyi, na lulluɓe goyona da mayafi ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sha ɗaya na dare ta wuce kafin in taka ƙofar gidanmu.

An ɗauke wuta, fitilar ƙwai ce take ci a ɗakin. Ashe tun da la'asar zazzaɓi ya rufe namijin. Babansu ya fita neman kemis da bai rufe ba, daga can ya wuce tasha cigiyar motarmu. Mama tana zaune ta jingina da bango, barci ya sace ta saboda gajiya. Yaya kuwa idonta biyu, tana durƙushe a gefen katifa da kwanon ruwa, tana tsoma tsumma tana matsewa da 'yan hannayenta tana ɗora wa ƙanenta a goshi. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rugo ba. Cewa ta yi, "Umma, na yi masa yadda kike yi." Ta nuna mini kwano a rufe da faifai ta ce, "Ga tuwonki nan na ajiye miki." Na durƙusa da goyo a bayana na rungume ta, sai a lokacin na ji jikinta yana rawa.

Washegari muka kai shi asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, cikin kwana uku ya miƙe ya koma wasansa. Maigida bai ce mini komai ba sai a daren da yaron ya fara cin abinci. Ya bari suka yi barci, sannan ya ce, "Ban hana ki ba, ba kuma zan hana ki ba, domin na san abin da kike yi alheri ne. Amma yarinyar nan shekararta shida." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na kuwa kwana ina juya shi.

Ranar Litinin na sami darakta na gaya masa cewa daga yanzu ina jin kiran magariba zan tafi, ko an gama fitowa ko ba a gama ba, atisayen ɓangaren mata kuma a tsakar gidanmu za a riƙa yin sa da safiyar Asabar, inda idona yake kan 'ya'yana. Ya ce zai yi shawara, aka kwana biyu bai ba ni amsa ba, amma da yake saura ƙauyuka a gabanmu, ba kuma wata macen da za ta shiga gidajen, ya amince. Da kuɗin aikin suka fito, abin da na fara saya tsohuwar wayar Nokia ce, na rubuta lambar da alli a bayan ƙyauren Mama.

Asabar ta farko da muka yi atisaye a gida, Yaya ta ɗauko kujerar tsugunno ta zauna a bakin rijiya tana kallo, ƙanenta yana kwaikwayon kalangu da gwangwanin madara. Muna cikin haka, na ɗaga murya ina rantsuwar uwargida, sai muka ji sallama a zaure. Surukata ce, Hajiya, ta iso daga Funtuwa ba tare da ta aiko ba, da jakar kayanta a hannun ɗan rakiya, labarin daren zazzaɓin ya riga ya kai mata. A nan za mu tashi a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.