Yuro 1,300 da Baki Biyu a Leipzig

Mun sauka filin jirgin saman Frankfurt a ƙasar Jamus da sassafe cikin watan Oktoban 2024, ni da maiɗakina da akwatuna huɗu. A jakata akwai takardar tallafin karatun digiri na uku, yuro 1,300 duk wata. Kafin mu taso na buga lissafi ya fi sau goma, kullum sai ya fito da rara. Ashe lissafin dokin rano nake yi.

Tun a tashar jirgin ƙasa kuɗin suka fara nuna halinsu. Tikitin ICE, jirgin nan mai gudu da zai kai mu Leipzig cikin kusan awa uku, yana da sauƙi ga wanda ya yanka tun makonni kafin tafiya, amma wanda ya zo ranar sai ya ji a jikinsa. Da na biya na mutum biyu, maiɗakina ta duba rasit ta ce, "Malam, kujera muka kama ko taragon muka saya?" Na yi dariyar yaƙe, muka shiga. Gonaki da dazuzzuka da ganyensu ya koma ja suna ta wucewa ta taga, ni kuwa hankalina yana kan aljihu.

Leipzig na zaɓa don an ce hayarta ba ta kama ƙafar ta Munich ko Frankfurt ba, kuma gaskiya ne. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne haya a Jamus iri biyu ce. Akwai "mai sanyi", wato kuɗin ɗaki zalla, da "mai ɗumi", wadda ta haɗa da ɗumama gida da ruwa da kwashe shara. Wadda na gani a talla har na yi murna, mai sanyin ce. Wutar lantarki da intanet kuma daban. Sannan doka ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ajiya har na wata uku na haya mai sanyi. Ɗan guzurin da muka taho da shi, nan ya kwanta.

Ranar da aka ba mu makulli muka leƙa kicin, sai bango da bakin famfo. Babu murhu, babu kabad, ko wurin wanke kwano babu. A can ba abin mamaki ba ne mai tashi ya kwance kicin ɗinsa ya tafi da shi. Mako uku muka yi da ƙaramin murhun lantarki a ƙasa, kafin mu samu na hannu wurin wasu masu barin gari. Ni da wani ɗalibi muka hau da shi hawa na huɗu a ka.

Duk sabon zuwa dole ya yi rajistar adireshi a ofishin gari cikin kwana 14. Mun yi, ba a jima ba sai ga wasiƙa: kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida. Na ce ai ba mu da talabijin. Maƙwabcinmu ya ce ko ba ka da kunne sai ka biya. Inshorar lafiya ma tilas ce a kan kowa, ita da ni. Tikitin wata na bas da taragon cikin gari da jiragen ƙasa na kusa, Deutschlandticket, yuro 49 ne lokacin, da Janairun 2025 ya kama ya koma 58.

Abinci da na fi tsoro shi ne ya fi mana sauƙi. Manyan kantunan Aldi da Lidl suna da rangwame, nama na halal kuma muna samu a titin Eisenbahnstraße, inda shagunan Larabawa da Turkawa suka yi layi. Sai dai kantuna a rufe suke ranar Lahadi, mun koyi wannan da ruwan shayi da guntun burodi. Robar ruwa ma ba a yar da ita, yawancinsu akwai santi 25 a kan kowace idan aka mayar.

A wata na biyu na miƙa mata ragamar kuɗi, don ni hannuna a sake yake. Ta sayi ɗan littafi, ta raba kuɗin cefane ambulan huɗu, ɗaya kowane mako. Haya da inshora da tikiti suna cinye fiye da kashi biyu cikin uku kafin mu taɓa sisi. Tallafin nan dai don mutum ɗaya aka yanka shi, mu kuma muka shiga mu biyu.

Da Disamba ta shigo, rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, sanyi har cikin ƙashi. Wani dare na lallaɓa na murɗa na'urar ɗumama ɗaki zuwa lamba biyar, ƙurewarta ke nan. Ina juyowa na ga idonta biyu. Ta tuna mini cewa a ƙarshen shekara ana lissafa abin da kowane gida ya sha, wanda ya wuce kima ya cika.

"Mayar da ita biyu, Malam," in ji ta. "Ga rigar sanyinka nan a kan kujera."